Darasi: Shigar da intanet cikin gida

Intanet hanya ce ta aika magana, hoto da rubutu ta wayar salula ko kwamfuta. Da ita manomi ke jin farashin hatsi da na albasa. Da ita ɗan ci-rani ke gaisawa da iyalinsa. Amma wanda ya sayi kayanta da garaje, kuɗinsa kan halaka a banza.

Hanyoyi 3 ne

1. Akwatin wifi mai layi. Ana sa masa layin waya, ya jawo rezo daga dogon ƙarfen kamfani, ya rarraba wa wayoyin gida. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms ke sayar da layi a ƙasarmu.

2. Igiyar fibar. Ita ce mafi sauri, amma sai inda aka binne ta, galibi cikin manyan birane.

3. Tauraron ɗan Adam. Starlink ya fara aiki a Nijar cikin 2025. Yana kamawa har cikin daji, sai dai kayansa da tsada, kuma ana biya kowane wata. Ya fi dacewa da ƙungiya ko makaranta.

A gwada kafin a saya

Wannan shi ne babban abu. Layin da ke da ƙarfi a kasuwa yana iya rauni cikin gida. Magidanci ya aro wayoyin maƙwabta masu layi daban-daban, ya gwada su cikin ɗakinsa, da safe da kuma dare. Ya dubi saman waya: in an rubuta 4G, da kyau, in E ce, intanet ɗin za ta yi ta jan ƙafa. Layin da ya fi kamawa, shi za a saya. A tafi da katin ɗan ƙasa don rajista.

Awon intanet

Kamar yadda ake awon gero da tiya, ana awon intanet da mega da jiga. Jiga 1 wajen mega 1000 ne. Saƙon murya kaɗan yake ci, bidiyo kuwa ci yake kamar fara. A tambayi mai sayarwa: jiga nawa ne, kwana nawa za su yi?

Wurin ajiye akwati

A ɗora shi bisa, kusa da taga. Katanga mai kauri da kwano suna rage ƙarfinsa. A kiyaye shi daga rana, ruwa da ƙura. Inda babu lantarki, sai sola da batir. In hadari ya taso da walƙiya, a cire shi daga wuta.

Kalmar sirri

Ita ce makullin akwati. A sake wadda ya zo da ita, a sa sabuwa mai haruffa da lambobi, aƙalla 8. Akwati maras makulli, rumbu ne maras ƙofa.

Tambayoyi

1. Mi ya sa ake gwada layi cikin gida?
2. Mega nawa ne cikin jiga 2?
3. Ina ya kamata a ajiye akwati?