Darasi: Yadda Litiyam Yake Samuwa A Cikin Dutse

Batirin wayar hannu da na mota mai aiki da lantarki duk da litiyam ake yin su. Litiyam ƙarfe ne, kuma babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi. A ƙasar Suwidin aka gano shi a shekarar 1817. Ba a samun sa tsurarsa. Kullum a gauraye yake cikin dutse ko cikin ruwan gishiri.

Asalin Dutsen

Manyan duwatsun da ake gani a Arewa yawancinsu giranit ne. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, narkakku ne a can ƙarƙashin ƙasa. Sannu a hankali suka yi sanyi suka daskare.

Idan aka bar ruwan gishiri a wuta, ruwan yana raguwa, gishirin yana taruwa a ragowar. Kusan haka abin ya faru. Litiyam bai shiga duwatsun da suka fara daskarewa ba. Sai ya taru a ragowar narkakken dutsen, tare da kuza da tantalait. Wannan ragowa ta kutsa cikin tsagogin duwatsu ta daskare a can. Ita ake kira jijiyar dutse. Masana suna ce mata fegmatait. Ana gane ta da manyan ƙwayoyi, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu sun fi haka.

Inda Ake Samunsa

A Nijeriya jijiyoyin sun miƙe kimanin kilomita 400, daga Wamba a Jihar Nasarawa har ƙasar Yarabawa. An samu litiyam a jihohin Nasarawa da Kaduna da Kwara da Kogi da Ekiti da Oyo. A shekarar 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa.

Kamanninsa

Iri biyu aka fi sani:

1. Sufodumin: fari ne ko ruwan toka, wani lokaci da ɗan kore. Dogo ne, yana tsagewa kamar itace.

2. Lefidolait: launin shunayya ne ko ruwan hoda. Yana ƙyalli, kuma yana ɓarewa falle-falle.

Amma a kula. Yawancin jijiyoyin dutse ba su da litiyam na a-zo-a-gani. Akwai wani farin dutse mai kama da sufodumin wanda babu komai a cikinsa. Ko sufodumin mai kyau, litiyam ɗinsa bai kai kashi 4 cikin 100 na nauyinsa ba. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an kai dutsen ɗakin gwaji. Wanda bai san sakamakon gwaji ba, abin da mai saye ya yanka masa shi zai karɓa.

Gargaɗi

Kuɗin litiyam ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya yi tsada ƙwarai a 2022, ya faɗi warwas a 2023. Manomin da ya sayar da gonarsa don haƙa yana iya yin biyu babu.

Rami mai zurfi yana rufta wa mutane, musamman da damina. Ƙurar farin dutse kuma tana lalata huhu. Ya kamata a riƙa jiƙa dutse kafin a fasa, a rufe hanci da baki. Yara kuwa makaranta ce wurinsu.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinan ƙasa suna hannun Gwamnatin Tarayya. Mai son haƙa sai ya nemi lasisi. Ƙananan mahaƙa suna iya kafa ƙungiyar gama-kai su yi rajista.

Tambayoyi

1. Me ya sa litiyam yake taruwa a jijiyar dutse?
2. Yaya ake bambanta sufodumin da lefidolait?
3. Me ya sa gwaji yake da amfani kafin ciniki?