Gayya Domin Ɗan'uwa Mai Naƙasa

Karatu: Markus 2:1-12 da Markus 10:46-52

Mai karatu, in ka taɓa zuwa Yamai ka gan su. A bakin Babbar Kasuwa, da wuraren da motoci ke tsayawa jiran wuta, akwai guragu bisa kekunansu, da makafi kowane da yaronsa ɗan jagora. Da yawansu ba 'yan birni ba ne. Daga ƙauyuka irin naku suka fito. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kimanin mutum 4 cikin 100 a Nijar suna da naƙasa. Wato a garin mutum 500 za ka sami wajen 20. Watakila ɗaya yana cikin gidanka.

Ba yunwa kaɗai ke kai su bara ba. A gida ana ba mutum tuwo da wurin kwana, amma ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi abin da yake so ya yi da ransa.

Mutum huɗu da shanyayye

A Kafarnahum mutum huɗu suka ɗauko wani shanyayye a kan shimfiɗarsa. Taro ya tare ƙofa, amma ba su koma gida ba. Suka hau bisa, suka buɗe rufin, suka zura shi gaban Ubangiji Yesu. Mutum ɗaya ba zai iya wannan aiki ba. Kowa ya riƙe gefensa.

Ka dubi kuma Bartimawas makaho a Yariko. Kowa ya san makaho ne, duk da haka Yesu ya fara tambayarsa abin da yake so. Ya bar shi ya faɗa da bakinsa. Daga nan muna koyon abu biyu: a taru, a kuma tambayi mai abin.

Abin da ya faru a Kanada

A birnin Toronto an yi wata mace, Judith Snow, wadda ba ta iya tafiya ko ɗaga hannu. Ta gama jami'a, amma aka ajiye ta a asibitin tsofaffi da masu doguwar jinya, har ta kusa fid da rai. A 1980 abokanta kaɗan suka taru kewaye da ita. Suka kira taronsu Kwamitin Joshuwa, don tunawa da garun Yariko da ya rushe. Ita ce ke faɗin abin da take so, su kuwa suna neman hanya. Ta sami wurin zama nata da masu taimakonta, ta yi ta koyarwa a ƙasashe dabam dabam har rasuwarta a 2015. Daga wannan taro dabarar ta bazu.

Mu kam ba baƙon abu ba ne gare mu. Gayya ke nan. A ranar gayya mai gona ne ke nuna inda za a nome, ba 'yan gayya ba.

Yadda za ku yi

1. Ka tambayi ɗan'uwan su wa yake so su zo. Mutum huɗu zuwa shida sun isa: dangi, aboki, maƙwabci, wani daga ikkilisiya. Maƙwabcin kirki ko ba Kirista ba ne, a kira shi.

2. Ku zauna inda shi zai iya zuwa. Ya fara magana, ku yi haƙuri ku ji. In kurma ne, a sami wanda ya saba da alamunsa. In yaro ne, shi ma a ji ta bakinsa.

3. Ku zaɓi abu ɗaya tak. A ce budurwa ce wadda shan inna ya taɓa ƙafafunta, tana son ɗinki. Kada ku ce kiwon kaji ya fi mata.

4. Ku raba aikin. Wani ya yi magana da tela, wani ya riƙa kai ta da amalanke, mata su sa ta cikin adashe don sayen keken ɗinki mai juyawa da hannu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunan kowa da alkawarinsa.

5. Ku sa ranar komowa, sau ɗaya a wata. Gayyar da ba ta da rana, ciyawa ce ke cin gonar.

Abin da ke Yamai

Wani buri ya fi ƙarfin ƙauye. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, wanda Kirista suka buɗe a 2010. Suna gyara ƙafar da aka haifa a karkace, da tsagaggen leɓe, da gaɓar da ƙuna ta ɗaure. Akwai makarantar makafi inda ake koyon karatu da yatsu, akwai ta kurame kuma. Na wajen Maraɗi sun san Danja, inda ake maganin kuturta. Amma gyaran ƙafa ba zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa. Wa zai biya mota? Wa zai duba gona da sauran yara? Wa zai ba su masauki a birni? Uwa ita kaɗai za ta gaji a hanya. Nan ne amfanin mutum huɗu yake.

Ku yi hankali

Kada ku fallasa asirin ɗan'uwan a kasuwa. Kada ku riƙe kuɗinsa ba da saninsa ba. Kada ku yi masa abin da zai iya yi da kansa. Shi ma yana da baiwar da ikkilisiya ke bukata.

Tambayoyi don iyali

1. Wane ne mai naƙasa a gidanku ko a unguwarku?
2. Yaushe aka tambaye shi abin da yake so?
3. Wane gefen shimfiɗar za ka riƙe, kuma wace rana za ka fara?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka buɗe kunnuwanmu mu ji ɗan'uwanmu. Ka ba mu ƙarfi mu cika abin da muka ɗauka. A cikin sunan Yesu, amin.