Toshewar Fitsari ga Maza: Yadda Ake Magance Kumburin Furostet Ba Tare da Tiyata Ba

Dattawa da yawa ba sa samun barcin kirki. Sau huɗu sau biyar suna tashi da buta cikin dare, su tsuguna su yi ta yunƙuri, fitsarin ya zo siriri yana yankewa, su koma shimfiɗa mara ba ta saki ba. Da rana kuma sai an gama tsarki an ɗaura alwala, ɗigo ya biyo baya. Kunya ta hana a faɗa wa iyali, tsoron wuƙar likita ya hana a je asibiti. Ga yawancin masu wannan hali, tushen matsalar kumburin furostet ne, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar tiyata in sun zo da wuri.

Furostet wata 'yar gaɓa ce da maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi, aikinta kuma samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A jikin saurayi ba ta wuce girman goro ba, nauyinta kamar giram 20. Daga shekara 40 sai ta fara ƙaruwa, har ta kai kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan kumburi, a masu shekara 85 kuwa kusan 9 cikin 10. Kumburin ba sankara ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama sankara, ko da yake ana iya samun su biyun a jikin mutum ɗaya.

Abu biyu ke matse bututun: girman gaɓar, da ɗaurewar jijiyoyin naman da ke cikinta da bakin mafitsara. Kowane da maganinsa.

Kafin a sha ko ƙwaya ɗaya, sai an tabbatar furostet ɗin ce mai laifi. Ƙuntatar bututu bayan tsohon ciwon sanyi tana kawo irin waɗannan alamu, haka ciwon sukari da sankarar furostet. Jini a fitsari kuma yana iya zama tsargiya ko ciwon mafitsara. Shi ya sa likita zai taɓa gaɓar da yatsa ta dubura, ya auna fitsari, ya yi gwajin jini na PSA da na ƙoda, ya ɗauki hoton mara don ganin fitsarin da ke saura bayan an gama. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usman Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen likitocin mafitsara.

In alamun ba su yi tsanani ba, gyaran ɗabi'a yakan wadatar. A rage shan ruwa awa biyu kafin kwanciya, amma a sha isasshe da rana. A rage shayi da kofi da goro, musamman da yamma, domin sinadarin da ke cikinsu yana zaburar da mafitsara. Bayan an gama fitsari a dakata kaɗan a sake gwadawa. Mai fama da ɗigo ya sa yatsa bayan maraina ya tatso bututun zuwa gaba kafin ya yi tsarki. Kada a bar bayan gida ya yi tauri, kada kuma a riƙe fitsari a doguwar tafiya don jin nauyin tsayar da direba.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowane dattijo ya sani. Lokacin hunturu mura tana yawa, mutum ya sayi maganinta a kemis, washegari fitsari ya tsaya cak. Magungunan mura masu ɗauke da pseudoephedrine ko chlorpheniramine, da tramadol, da codeine, da Buscopan, duk suna iya jawo haka ga mai kumburin furostet.

Rukunin farko na magani shi ne masu sassauta jijiyoyi: tamsulosin, alfuzosin, doxazosin. Cikin 'yan kwanaki ake ganin fitsari ya ƙara ƙarfi. Sai dai ba sa rage girman gaɓar, kuma in an daina sha alamun sukan dawo. Suna iya kawo jiri idan an miƙe da sauri, tamsulosin kuma yakan rage fitar maniyyi. Wanda za a yi wa aikin yanar ido lallai ya gaya wa likitan ido yana shan sa, domin yana shafar aikin.

Rukuni na biyu, finasteride da dutasteride, su ke rage girman gaɓar da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Suna buƙatar haƙuri, don sai an yi wata 6 ake ganin cikakken amfaninsu, kuma nan ne mutane ke karaya su watsar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998, wanda ya bi maza kimanin 3,000 tsawon shekara 4, ya nuna finasteride ya rage haɗarin toshewa gaba ɗaya da kashi 57, buƙatar tiyata da kashi 55. Wani na 2003 ya nuna haɗa finasteride da doxazosin ya rage ci gaban cutar da kashi 66, fiye da abin da kowannensu ya yi shi kaɗai. Kaɗan daga masu sha sukan ga raguwar sha'awa. Maganin yana rage sakamakon PSA da kusan rabi, don haka a sanar da mai gwaji. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe.

Mai raunin mazakuta tare da matsalar fitsari, likita na iya ba shi tadalafil na miligiram 5 kullum. Ba a haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji irin su nitroglycerin, don hawan jini na iya faɗuwa warwas.

In fitsari ya tsaya gaba ɗaya, mara ta kumbura tana ciwo, ba a jiran gari ya waye. A tafi asibiti a sa robar fitsari. Sa roba ba ya nufin an yanke hukuncin tiyata: ana fara tamsulosin ko alfuzosin, bayan kwana biyu zuwa uku a zare a gwada. A wani bincike, kusan 62 cikin 100 na waɗanda aka ba alfuzosin sun yi fitsari da kansu, waɗanda ba a ba ba kuwa 48. Abin takaici shi ne a ga dattijo yana yawo da roba wata da watanni ba a taɓa gwada cire ta ba. Wanda dole ta sa ya zauna da ita, a riƙa canja ta a kan lokacin da likita ya sa.

Masu tallar magani da lasifika suna alƙawarin narkar da furostet cikin mako. Ko maganin 'ya'yan itacen saw palmetto, wanda ya fi kowane shahara a duniya, manyan gwaje-gwaje biyu a Arewacin Amurka, na 2006 da na 2011, sun nuna bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Lokacin da ake ɓatawa a kan jiƙe-jiƙe, fitsarin da ya taru yana komawa sama yana lalata ƙoda.

Akwai kuma sababbin dabaru marasa yanka. UroLift yana ɗage naman gefe da ƙananan maɗaurai, Rezum yana kashe naman da ya yi yawa da tururin ruwa, wata dabarar kuma tana toshe jijiyoyin jinin da ke ciyar da gaɓar ta motse. Suna da tsada, ba ko'ina ake yin su ba, ba kuma kowane girman furostet suka dace da shi ba.

Magani yana da iyaka. In fitsari ya sake tsayawa bayan an cire roba, ko ƙoda ta fara taɓuwa, ko aka ga tsakuwa a mafitsara, ko jini da ƙwayoyin cuta suka riƙa dawowa, tiyata ta zama dole. Ita ma galibi ta cikin bututu ake kankare naman, ba a tsaga ciki. Wanda zai je ganin likita ya rubuta sau nawa yake tashi da dare tsawon kwana uku, ya kuma tafi da duk magungunan da yake sha, har na kemis da na gargajiya.