Mumme: Darasin Sukari da Yis Daga Wata Tsohuwar Giyar Jamus

A firaktikal ɗinmu na ɗanɗanon abinci na zangon da ya wuce, malaminmu da ya yi karatu a Jamus ya shigo da wani ɗan gwangwani mai hoton jirgin ruwa a jiki. Ya ce sunan abin Mumme, kuma asalinsa giya ce. Nan take aji ya ɗauki surutu, wasu har sun fara tattara littattafai. Sai da ya nuna mana rubutun jikin gwangwanin, ya ce wannan samfurin babu barasa a cikinsa ko kaɗan, sannan aka zauna.

Da cokali aka raba mana, don ba ya zubuwa kamar ruwa. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, yana bin cokali yana jan zare kamar zuma. Ƙamshin ya fi kama da ɓawon burodin da ya ɗan ƙone. A harshe kuwa zaƙi ne ke fara dukan ka, irin na mazarƙwaila, sai wani ɗan ɗaci-ɗaci ya biyo baya ya tsaya a maƙogwaro. Wata daga bayan aji ta ce, "Ai Maltina ce aka dafa ta kafe!" Aka yi dariya, amma fa ba ta yi nisa da gaskiya ba: dukansu daga tsiron hatsi suke.

Garin Braunschweig da ke arewacin Jamus ne gidan Mumme, kuma sunan ya fito a takardun garin tun shekarar 1390. Iri biyu ake yi a da. Akwai ta gari, mai sauƙi, ta shan yau da gobe. Akwai kuma ta jirgi, mai kauri da ƙarfi, wadda fatake ke lodawa a ganguna zuwa Holan da Ingila, har ƙasashe masu zafi. A zamanin da babu firiji, abin sha da zai yi watanni a cikin jirgi bai lalace ba babban kayan kasuwa ne. Daga baya kasuwar ta mutu, masu yi suka koma sayar da ruwan tsiron mai kauri ba tare da an bar shi ya zama giya ba, irin wanda muka lasa ke nan. A 2008 ne kamfanin Nettelbeck na garin ya sake fito da mai barasar.

To me ya hana ta lalacewa? Nan ne darasin yake, kuma masu ND 2 su buɗe kunne, don yana fitowa a jarrabawa.

Idan aka jiƙa sha'ir ya tsira, sinadaran da ke cikin ƙwayar suna farkawa. Aka busar, aka niƙa, aka dama da ruwan ɗumi, sai su farfasa sitaci ya koma sukari. Ruwan zaƙin da aka tace ana auna ƙarfinsa da ma'aunin Plato: digiri 1 na nufin giram 1 na narkakken abu a cikin giram 100 na ruwan. Giyar kwalba ta yau da kullum tana farawa ne daga wajen digiri 11 ko 12. Amma Jopenbier ta birnin Gdansk a Poland, wadda 'yar'uwar Mumme ce wajen kauri, ana tafasa ruwanta awa 10 ko fiye har ya kai wajen digiri 50. Rabin abin da ke tukunya sukari ne ke nan.

Doguwar tafasar tana yin aiki biyu. Ita ke kawo duhu da ƙamshin burodi, saboda zafi na haɗa sukari da sinadaran furotin, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Shi ne dai ke ba tsire da ƙosai launinsu. Aiki na biyu ya fi muhimmanci: ruwa yana tafiya, sukari yana zama. Ƙwayar yis ko bakteriya da ta faɗa cikin irin wannan ruwa, maimakon ta sha, ita ake tsotsa, don ruwa kan ratsa fatar ƙwaya ya nufi inda sukari ya fi yawa. Littattafanmu suna auna wannan da adadin ruwan da ƙwayoyin za su iya amfani da shi, daga 0 zuwa 1. Yawancin bakteriya kan tsaya ƙasa da 0.91, yis na gama-gari wajen 0.88, funfuna kuwa har 0.80 tana lallaɓawa. Shi ya sa yis ke gajiya bai cinye sukarin ba, abin shan ya zauna da zaƙinsa da kaurinsa, ga barasar da aka samu tana ƙara tsare shi. Dalilin da ya sa zuma ke shekara a kwalba ke nan, kunun zaƙi kuwa kwana ɗaya ya yi tsami.

An daɗe ana cewa wai irin wannan abin sha yana kare matuƙa jirgi daga ciwon nan da ke sa dasashi zubar da jini. Ni dai ban yarda ba. Rashin bitamin C ke kawo ciwon, kuma busasshen tsiron da aka tafasa awanni ba inda zai samo shi. Abin da ya ba su shi ne ƙarfin jiki, wannan kam ba musu.

Saura batun farfaɗowar. Wanda ya sha Mumme ta 2008, ta mutanen da ya sha? Da wuya. A wancan zamani da wutar itace ake busar da tsiro, hayaƙi na shiga ciki. Ba su da ma'aunin zafi. Ba su ma san yis halitta ce mai rai ba. Sai a 1883 Emil Christian Hansen ya ware tsantsar iri guda a Carlsberg. Masu sana'ar sun ɓoye yadda suke haɗawa, kuma wani bayani da aka buga a Ingila a ƙarni na 17 ya lissafa har da niƙaƙƙen wake da ɓawon itace da ɗanyen ƙwai, abin da masana da yawa ke shakkar daga Braunschweig ya fito. Ta yanzu kuma barasarta wajen kashi 5 cikin 100 ne, tana zubuwa a kofi kamar kowace baƙar giya. Suna ne ya dawo, da wani ɓangare na ɗanɗano.

Ga aikin da malam ya ba mu, wanda kowa zai iya yi a hostel. Ka samo tsiron dawa ko na gero a kasuwa, ka daka, ka dama da ruwa mai zafin digiri 65 na awa ɗaya, ka tace. Ka raba biyu: rabi ka tafasa minti 10, rabi ka ci gaba da dafawa a ƙaramar wuta har ya kama cokali. Ka rufe su a kwalabe masu tsabta, kada ka ɗaure murfin farkon da ƙarfi don iska na taruwa, kuma kallo da sansana kawai za ka yi, ban da sha. Namu na farko ya fara kumfa a kwana na biyu. Na biyun yana nan a kan kantar lab har yau.