Wayarin jirgin sama na gida ba aikin cika-fuska ba ne

Tun shekarar 2007, lokacin da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya bazu a duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya harhaɗa da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, sha'awar ƙera jirgin sama a bayan gida ta kama matasa da dama a garuruwan Arewa, kuma ƙasar Gumel ba ta fita daga ciki ba. Sai dai abin da jama'a ke taruwa su yaba shi ne gangar jiki da fenti da juyawar farfela, alhali wayoyin da ke ɗaukar wuta daga batir zuwa inji, waɗanda rayuwar matuƙi ta rataya a kansu, ba a cika samun mai tambayar wanda ya shimfiɗa su ba.

Dalilin wannan rubutu shi ne wani ƙaramin jirgi da wani matashi ya ƙera a yankin, wanda aka kira mai wannan rubutu ya duba bayan ya ƙone. Matashin ya kashe abin da ya tara wajen walda da sayen tsohon injin mota, da kuɗi suka ƙare kuma sai ya miƙa wayarin ga wani mai gyaran wutar mota da ya yi alkawarin gamawa a yini guda. Ranar gwaji, a wani fili da ke wajen gari, cikin zafin bazara irin na Maigatari da Sule Tankarkar wanda kan haura digiri 40, an tayar da inji yana ɗaure a ƙasa, kuma bai jima yana aiki ba hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera, wuta ta bi tiyon fetur, matashin ya tsira da ƙuna a hannuwa.

Abin da aka tarar a cikin ragowar ya fi gobarar ɓata rai. Babbar wayar batir ta ratsa wata huda a jikin ƙarfe ba tare da zoben roba ba, girgizar inji ta sa bakin ƙarfen ya yanke rigarta. An ɗaure wayoyin da tiyon fetur wuri guda da salatef, an murɗa mahaɗansu da hannu, kuma da aka kankare wayar sai ta fito fara, wato alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. A gurbin fis kuwa, wanda tun farko ya tsinke yana gargaɗi, mutumin ya cusa zaren waya, abin da masu wannan ta'asa ke kira dabara. Babu takarda ko ɗaya da ke nuna wace waya ta tashi daga ina.

Fis waya yake karewa, saboda haka kaurin waya ne ke yanke girmansa. Waya ba ta kwana da tiyon mai, kuma in dole su haɗu, wayar ce a sama. Mahaɗi matse shi ake yi da abin matsewa. Fis da ya tsinke ba a ɗaure shi.

Akwai kuma haɗarin da injin mota ke zuwa da shi, wanda masu ƙirar gida ba su cika lura da shi ba. Injin ƙananan jirage na asali yana amfani da maganeto guda biyu, wato na'urar da ke samar wa filogi tartsatsi da kanta ba tare da batir ba, ta yadda ko wutar jirgi ta ɗauke gaba ɗaya inji zai ci gaba da juyawa. Injin mota kuwa da wuta ta yanke ya mutu, kuma a sama babu gefen titi. Shi ya sa tun a kan takarda ake lissafa wutar da kowace na'ura ke ja, a tanadi batir na biyu da hanyarsa daban, a sa makunnin da ke yanke wuta daga gindin batir. Rigar wayar ma ba roba irin ta gida ba ce, domin ita narkewa take tana fitar da hayaƙi mai guba. Ana amfani da nau'in Tefzel mai jure digiri 150.

Manyan kamfanoni ma wayoyi sun kunyata su, domin jirgin Swissair da ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada a 1998, ya halaka mutum 229, gobara ce ta kama saman ɗakin matuƙa, kuma masu bincike sun sami alamar tartsatsi a wayoyin wurin. To, ina ga wanda ya ɗaure fis da zaren waya?

Ƙirar gida dai ba abin raini ba ce, tunda jirgin horo na Air Beetle da aka harhaɗa wa sojojin saman Nijeriya a Kaduna an ɗauko shi ne daga samfurin RV-6A na masu ƙira a gida a Amurka, amma bisa zane da bincike. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964 tana yaye injiniyoyin wannan fanni, kuma tashi da kowane irin jirgi sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. Matashin nan ya warke, ya kuma fara tara ƙarafa, an ce har ya sake tuntuɓar mai gyaran nan saboda ya fi araha.