Faifan Log Ɗin Fayawol Ya Cika: Kafin Ka Ƙara Masa Girma

Tambaya: Malam, muna da FortiGate-VM a kan VMware ESXi a ofishinmu. Log ɗinmu ba ya wuce mako guda. Na ƙara wa faifan girma a vSphere, amma fayawol ɗin bai ga ƙarin ba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalarka biyu ce, kuma ta farkon ba ta da alaƙa da girman faifai. FortiOS yana zuwa ne da umarnin goge duk log ɗin da ya wuce kwana 7. Ko faifanka ya kai terabayit, wannan ƙa'ida ba za ta ɗaga maka ƙafa ba. Shiga config log disk setting, ka duba maximum-log-age, ka sa adadin kwanakin da kake so.

Sai lissafi. Ka lura da yawan log ɗin da ke taruwa a rana, ka ninka da kwanakin da kake buƙata. Idan gigabayit 2 ne a rana kuma kwana 90 kake so, ka ga 180 ke nan, sai ka ƙara sarari a kai, domin ranar da aka kawo muku hari log yakan yi ambaliya. Idan kuna karɓar kuɗi da kati, ƙa'idar PCI DSS ta ce a ajiye log na wata 12, wata 3 daga ciki a hannu.

Matsala ta biyu: VMware ya faɗaɗa faifan, amma FortiOS yana nan a kan tsohon rabon da ya yanka. Kamar ka sayi filin maƙwabci ne, katangarka kuwa tana inda take. Sai an sake tsara faifan, kuma tsarawar tana share duk abin da ke ciki. Don haka bi wannan jeri:

Da farko kwashe tsohon log zuwa wata sabar da execute backup disk alllogs, ka ajiye kwafin saitinka. Sannan, idan za ka sake ƙara wa faifan girma, kashe injin fayawol ɗin, ka tabbata babu snapshot a kansa, domin VMware ba ya bari a faɗaɗa faifai mai snapshot. Faifai na biyu, wato na log, za ka faɗaɗa, na farkon na FortiOS ne, ka bar shi. Kunna injin, ka buga execute formatlogdisk. Zai sake tashi da kansa, intanet ɗin ofis zai yanke, saboda haka ka bari sai an tashi daga aiki. Bayan ya dawo, get system status zai nuna maka ko faifan ya shirya.

Amma kada ka mai da fayawol ma'ajiyarka kaɗai. Ka riƙa tura log zuwa FortiAnalyzer ko sabar syslog, domin ɓarawon da ya samu shiga fayawol, log yake fara gogewa.