Amsoshin Wasiƙun Masu Sauraro: Shagon Intanet da Sanin Ƙofar da Ciniki Ke Shigowa

Wasiƙun da suka iso wa wannan shiri a makon nan sun karkata ne ga yadda mai ƙaramin jari zai buɗe shago a intanet, da kuma yadda zai gane ta wace hanya masu saye suke zuwa gare shi. Kuma ko da yake tambayoyin biyu ne a zahiri, amsarsu a haɗe take, domin wanda bai san inda cinikinsa ke fitowa ba, ba zai san inda ya kamata ya zuba kuɗin talla da lokacinsa ba.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wata malama a Zariya mai sana'ar turaren wuta da humra, wadda take tambaya ko dole ne sai an gina mata shafin intanet kafin ta fara. Amsa ita ce ba dole ba ne. Abin da ake nufi da shagon intanet shi ne duk wani wuri da mai saye zai ga hoton kaya da farashinsu, ya yi oda, ya biya, a aika masa, ba tare da ya taka ƙofar mai sayarwa ba. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a shekarar 2018, ta wadatar a matakin farko, saboda tana da kundin kaya inda ake jera hotuna da farashi, ga ta kuma kyauta. Akwai manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, inda ɗan kasuwa ke baje kayansa su kuma su cire la'ada daga cinikin. Mallakar shafi na kai kuwa tana buƙatar biyan kuɗin suna da na mazauni duk shekara, da haɗa shi da kamfanin karɓar kuɗi kamar Paystack ko Flutterwave, don haka ya fi dacewa da wanda cinikinsa ya riga ya kankama. Abin da malamar ba za ta jinkirta ba shi ne raba asusun sana'a da na cefanen gida, da yi wa sunan kasuwancinta rajista a hukumar CAC idan hali ya yi, da neman bayani daga hukumar NAFDAC, tunda kayan shafawa na cikin abubuwan da take kula da su.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano ya bayyana cewa yana biyan Facebook kuɗin talla, yana biyan wata mai dubban mabiya a Instagram tana nuna kayansa, yaransa kuma suna ɗora hotuna a sitatus kullum, amma ya kasa tantance wanne daga cikin ukun ke kawo ciniki. Tushen matsalar Alhajin shi ne cinikin intanet a ƙasar Hausa galibi ba a shafi yake ƙullewa ba, a cikin hira yake ƙullewa: mutum zai ga kaya a wani dandali, ya ɗauki lambar waya, ya yi magana ta WhatsApp, a yi tayi a sallama, ya tura kuɗi ta banki ko OPay ko Moniepoint, a kai kaya tasha a ba direba. Alƙaluman da Facebook ke nuna wa mai talla, wato adadin waɗanda suka gani da waɗanda suka danna, iyakarsu bakin wannan hira, ba su san wanda ya biya da wanda ya tambayi farashi ya ɓace ba.

Saboda haka matakin farko littafin ciniki ne, ko na takarda ko na kwamfuta, wanda a kowane layi za a rubuta kwanan wata, da kayan da aka sayar, da ribar da ta rage bayan an cire uwar kuɗi da kuɗin aike, da garin da aka tura kayan, sannan a ware gurbi na musamman domin amsar tambaya guda da za a riƙa yi wa kowane sabon abokin ciniki cikin ladabi: a ina ya fara jin labarin shagon? Wajibi ne yaran shago su ma su saba da yin wannan tambaya, domin littafin da rabin gurabunsa babu komai ruɗar da mai shi zai yi.

Sai dai mantuwa na cikin ɗabi'ar ɗan Adam, kuma mai saye kan ce ya gani a intanet ba tare da ya iya bambance dandalin ba, don haka ake ƙara wata dabara. WhatsApp na ba da damar ƙirƙirar mahaɗi, wato adireshin da idan an danna yake buɗe hira da mai shago kai tsaye, kuma ana iya shirya shi ya zo da rubutaccen saƙo a ciki. Idan Alhaji ya sa mahaɗin tallar Facebook ya zo da jumla iri ɗaya, na Instagram ya zo da wata jumlar daban, to daga saƙon farko zai san ƙofar da mutum ya shigo. Ita kuwa mai tallar da yake biya, a ba ta lambar rangwame tata ta kanta, wato wata kalma da duk wanda ya ambata za a yi masa ɗan sassauci, ta yadda ƙidayar masu ambaton kalmar za ta nuna amfanin tallar fiye da yawan masu yabon hoton. A cikin WhatsApp Business akwai kuma alamomi masu launi da ake maƙala wa kowace hira, waɗanda ke sauƙaƙa ƙidayar ƙarshen wata.

Lissafin da ke biyo baya ba shi da wuya. A ɗauka, a matsayin misali kawai, an kashe naira 20,000 a wata talla ta kawo masu saye 10, an kuma kashe naira 20,000 a wata ta kawo 4. Ta farkon ta ci naira 2,000 kan kowane mutum, ta biyun naira 5,000. Amma idan goman nan turmi ɗai-ɗai suka saya, huɗun kuwa 'yan sari ne masu ɗibar kaya da yawa suna dawowa duk wata, to tallar da ta fi tsada ita ce ta fi riba, kuma wannan ne dalilin da ya sa gurbin riba da na maimaita ciniki suka fi gurbin adadi muhimmanci. Akwai kuma kuskuren da ya kamata a kiyaye, wato jingina ciniki ga hanya ta ƙarshe kaɗai. Matar da ta danna tallar Facebook yau mai yiwuwa ta ga shaddar ce a jikin ƙawarta a wurin biki, ta shafe makonni tana kallon sitatus kafin ta yanke shawara. Kamar dai dillalin da ya rako mai saye bakin rumfa ne, alhali wani ne can baya ya yaba masa kayan. Don haka kada a yanke wa wata hanya hukunci da cinikin mako guda, musamman ganin yadda kasuwar tufafi ke tashi gabanin Sallah ta kuma kwanta bayanta.

Wasiƙa ta uku daga Maraɗi take, inda wani matashi mai sayar da takalman fata, wanda ya riga ya mallaki shafi, yake tambaya game da Google Analytics. Wannan manhaja ce ta kyauta mai ƙirga maziyarta shafi da nuna inda suka fito, kuma tsohon tsarinta ya daina tattara bayanai a watan Yulin 2023, aka koma sabon da ake kira GA4, saboda haka darussan da suka girmi wannan lokaci na iya rikita shi. Domin ta yi aiki sosai, ana ƙara wa kowane mahaɗi 'yan kalmomi a ƙarshensa, waɗanda ake kira UTM, masu faɗin dandali da sunan tallar. Idan ba a yi haka ba, da yawa daga waɗanda suka zo ta mahaɗin da aka tura musu a WhatsApp za su bayyana tamkar sun shigo ne da kansu. Ko da an yi, ƙidayar ba za ta cika ba, tunda kuɗin da aka turo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana shafin ba ya ganinsu, sai dai littafin ciniki ya cike giɓin.

Wani mai sauraro daga Kaduna ya tambaya ko halas ne ya sayi jerin lambobin waya ya riƙa tura musu talla. Bai kamata ba: lambar da mutum ya bayar domin a kai masa kaya amana ce, Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma WhatsApp kan rufe layin da mutane suka yawaita kai ƙararsa, wanda hakan ke nufin rasa dukkan hirarrakin abokan ciniki a rana ɗaya. Wasiƙun da suka shafi alat na bogi da ɓatan kaya a tasha za a amsa su a shiri na gaba.